Maganar "gado" ta hargitsa zauren 'yan unguwa

Abban Sadik, Mabera: Jama'a raina ɓace yake. Ƙanena tun da ya fara shan magani muryoyin da yake ji sunka lafa, amma ka aike shi da saƙo biyu, kafin ya kai titi ya manta ɗaya. Karatun jami'a ya gagara, gida ana ce mai malalaci. Likita ya ce sikizofireniya ce, wani nau'in taɓin hankali, kuma akwai gado ciki.

Hajiya Inno: Gado? Wane gado? Kakanku limami ne har ya koma ga Allah. Kana da ƙanne mata, kada ka kashe musu aure da bakinka.

Malam na Kanwuri: Gaskiyar Hajiya. Shafar aljani ce, a kai shi ruƙiyya.

Nas Hadiza: Inna, ba gadon gona ba ne da kowa ke da rabo. Ko tagwaye masu kama ɗaya, wani ya kamu wani ya tsira. Yaya Abba, mantuwar ma ciwon ce. Magungunan nan, tun na farkonsu, chlorpromazine na 1952, sinadarin dofamin suke toshewa a can cikin ƙwaƙwalwa, shi ya sa muryoyi ke shiru. Amma bayan goshi, inda ake riƙe saƙo a tsara aiki, matsalarsa daban: sinadarin gulutamet ba ya isar da saƙo daidai, kuma masana na ganin mahaɗan jijiyoyi sun ragu fiye da kima tun ƙuruciya. Maganin bai cika kai wa can ba. In ana ba shi Artane, maganin rage rawar jiki da ake haɗawa da su, yana iya ƙara mantuwa. Ku tambayi likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko asibitin koyarwa, kada ya daina da kansa.

Ɗan Gawon Nama: Artane? Wanda 'yan shaye-shayen Mabera ke sha? To ai an gano bakin zaren.

Abban Sadik: Ƙanena ko sigari bai taɓa sha ba. Ku fara share naku lungun.

Ɗan Gawon Nama: Mi na ce? Lungunmu ya fi naku tsabta.

Hajiya Inno: Ni dai a janye kalmar gado. 'Yar nan Hadiza tun da ta sa fararen kaya ba ta ganin manya.

Nas Hadiza: Allah ya ba ki haƙuri, Inna.

Shugaban zaure: To, abin da munka cimma: an yarda babu gado, kamar yadda Gwaggo Inno ta faɗa. Abba ya goge saƙonsa na farko. Hadiza, a rage dogon rubutu, data na tsada. An rufe.