Wai baftismar jariri wanka ce kawai?

'Yar Garwa: Salama 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara kaina ya ɗau zafi. An yi min baftisma ina wata uku a cocinmu na Luteran nan Garwa, na yi tabbatarwa (wato na furta bangaskiyata a gaban ikilisiya da na girma), tun ina shekara 15 nake cin Jibin Ubangiji, yanzu magana ta aure ta taso faston cocin saurayina ya ce wai wancan wanka aka yi min ba baftisma ba, sai an nutsar da ni a Binuwai kafin ya ɗaura mana. Mama tun da ta ji ko gaisuwata da ƙyar take amsawa.

Ɗan Farkawa: Ƙanwata gaskiya ɗaci gare ta amma faston nan bai yi ƙarya ba. Markus 16:16 gaskatawa ce a gaba, baftisma na biye. Jaririn wata uku me ya gaskata? Nono kawai ya sani. Kuma Romawa 6:4 ta ce an binne mu tare da Almasihu, ke kin taɓa ganin an binne mutum da yayyafa masa ƙasa cokali uku a ka?

Dattijon Yagwa: Ɗana, yi a hankali da bakinka. Tun wajen 1920 masu bishara na Luteran suka shigo ƙasar nan Kamaru ta Lere a Cadi da Yagwa, na Ngaundere kuma Amurkawa suka zo 1923, 'yan Norwe 1925. Kakanninmu da suka bar tsafi suka sha zagi da kora saboda sunan Yesu su suka kai 'ya'yansu aka yi musu baftisma, yau kai za ka ce duk wanka suka yi? Buɗe Ayyukan Manzanni 16, Lidiya da mutanen gidanta, mai tsaron kurkukun Filibi shi da dukan nasa a daren nan. Gidan mutum a wancan zamani ba yaro ko ɗaya?

Ɗan Farkawa: Baba ba raini, amma ayar ba ta ce akwai jariri ba, ku ne kuka sa shi a ciki

Dattijon Yagwa: Ba ta kuma ce babu ba. Kai ne ka fitar da shi.

Katikis: Mu dai a Katolika idan ɗan Luteran ya dawo wurinmu ba ma sake masa, in dai da ruwa aka yi kuma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki shi ke nan ta zauna. Afisawa 4:5 baftisma ɗaya ce. Alkawarin nan Allah ne ya yi wa yaron, ba yaron ba ne ya yi wa Allah, to don me za a ce alkawarin bai ci ba sai an maimaita.

Maman Tagwaye: Hhhh Katikis kun karɓi baftismarmu amma ran auren ƙanina a cocinku Fada ya sanar cewa wanda ba ɗan Katolika ba kar ya taso karɓar jibi, muna zaune kamar baƙin da aka hana tuwo

Katikis: Mama wannan wata magana ce daban, kar mu haɗa. Mu sakramenti 7 gare mu ku 2, kuma abin da muka gaskata game da gurasar da wanda ke da ikon keɓe ta bai zo ɗaya ba tukuna.

Ɗan Mokolo: Ni tambayata ga masu cewa sai nitso. Ku zo Marwa a watan Maris ku nuna min ruwan da za ku nutsar da mutum a kogin Mayo Kaliyawo, yashi ne zalla yara na buga ƙwallo a ciki. A duwatsunmu mace na tafiya tun asuba don jarka ɗaya, to tsohon da ya tuba yana kwance rai a hannun Allah sai mu ce masa ya jira damina? Ko ikilisiyar farko ta san wannan, akwai tsohon rubutunsu da ake kira Didake, ya ce in ba ruwa mai yawa a zuba sau uku a ka.

Ɗan Farkawa: Wannan ba ya cikin Littafi Mai Tsarki. Kuma ko a Ayyukan Manzanni 19 Bulus ya sake yi wa mutanen Afisa

Dattijon Yagwa: Waɗancan ta Yahaya aka yi musu, ko labarin Ruhu Mai Tsarki ba su ji ba. Yarinyar nan da sunan wa aka yi mata?

Malamar Zumunta: Ni 'yar baftismar manya ce, a ruwa aka nutsar da ni ina shekara 19 kuma ranar nan ba zan manta da ita ba, da bakina na furta da ƙafata na shiga, shi ya sa ba zan kai jaririna ba sai dai a miƙa shi ga Allah da addu'a. Amma gardamar nan ta taɓa cin rai fa, a 1527 a Zurik masu Furotesta da kansu suka jefa Felix Manz a kogi ya mutu saboda yana sake yi wa manya baftisma. Abin da ya dame ni da faston nan shi ne haɗa ta da aure. In ta shiga ruwa don a ɗaura mata ba don ta gaskata ba, ai ko a koyarwarmu wannan ɗin ne wankan.

Ɗan Farkawa: Wannan kam Malama ba ni da ta cewa. Amma har yanzu ina kan bakana game da jarirai

Maman Tagwaye: Duk kun bar ainihin mutumin. Shi angon me ya ce? Kuma tun yaushe aka fara ɗaura aure a cocin miji, ba cocin amarya ake zuwa ba?

'Yar Garwa: Shi dai ya ce duk yadda na ga dama, tsoron faston yake ji kawai don shi ke buga musu jita. Mama wannan maganar taki ta cocin amarya bari in kai wa kawu yau da yamma, shi ne zai karɓi mutanensu ran Asabar.