Makro ɗina ya rikice, Juma'a kuma za a rufe shafin maki

Ummu Affan: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka. Ni ce ke shigar da makin ɗalibai a shafin makarantarmu, aji tara, ni kaɗai tunda abokiyar aikina ta tafi wankan gida. Zangon da ya wuce ƙanena ya saka min wata 'yar manhaja mai naɗar motsin linzami da kibod, makro ake ce mata. In na yi ɗalibi ɗaya da hannu sai ta riƙa maimaitawa: ta kwafo daga Excel, ta liƙa, ta adana. Lafiya lau. To autana ya sheƙa wa kwamfutata shayi, tana wajen mai gyara sati biyu, kullum sai ya ce gobe. Na ari ta maigidan. Yanzu gefen akwatin da ake sa maki linzamin yake dannawa. Ran da ya fara daidai ma, kafin ɗalibi na shida ya zuba makin Lissafi a gurbin Hausa.

Baban Zara: Wa alaikumus salam. Wace manhaja ce? Ba ki faɗa ba.

Injiniya: Ba sai ta faɗa ba, duk halinsu ɗaya. Hajiya, abin nan bai san akwati ba, wurin da kika danna a kan allo kawai ya haddace. Kin canja kwamfuta, faɗin allo ya canja. Duba saitin allo na Windows, in taki tana kan kashi 100 ta maigida na kan 125 ko 150, ga matsalar nan. Ta biyu kuma saɓanin lokaci ce: shafin bai gama buɗewa ba, makro ya riga ya wuce gaba.

Maman Khalifa: Wallahi sabis ɗin nan ya ishe mu. Jiya har ƙarfe ɗayan dare ina fama, kuɗin data kuma daga aljihuna, shugabar ko sannu.

Baban Zara: Ki sake naɗa kawai a kan wannan kwamfutar, ki riƙa jinkirta daƙiƙa uku tsakanin dannawa.

Injiniya: Daƙiƙa uku? Ran da shafin ya ɗauki bakwai fa? Ki bar linzami gaba ɗaya, ki yi tafiya da maɓallan Tab da Enter na kibod. Mafi alheri ma ki koma manhajar Power Automate, kyauta yake a Windows 11, shi yana iya jira sai akwatin ya bayyana. Ko manhajar AutoHotkey. Shekara nawa ina faɗar wannan a nan.

Ummu Affan: Na gode Injiniya, amma kwana uku ya rage, yaushe zan koyi sabon abu? Saitin allon ma ba zan taɓa ba, maigidan idonsa ba ya son ƙananan rubutu. Kuma manhajar nan ta yi min zango guda ko tari ba ta yi ba.

Injiniya: Sa'a kika yi. Kin ma bi kin duba makin da ya riga ya shiga ba daidai ba?

Ummu Affan: Aji biyu ne kawai, zan duba daga baya.

Maman Khalifa: Mu namu shafin in kin adana ba ya gyaruwa sai an kira mai kula da shi, shi kuma ba ya ɗaga waya.

Ummu Affan: Innalillahi. Baban Zara, daƙiƙa ukun nan a ina ake sa ta?