Littattafan 'Yan Kano-Jidda: Gargaɗi Suke Yi Ko Kwaɗaitarwa?

Malam Habibu, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar da na kawo wannan makon zan faɗe ta ba ɓoye-ɓoye. Littattafan da ake rubutawa yanzu kan matan da ke zuwa Saudiyya aikatau, kwaɗaitar da tafiyar suke yi, ba hana ta ba. Ku duba yadda labarin ke gudana. Yarinya marainiya, uwa na kwance, ƙanne sun bar makaranta, sai ta sayar da 'yar sarƙarta ta bi ejan. Za ta sha wuya babi bayan babi, a mare ta, ta kwana a kicin. Can wajen ƙarshe ɗan masu gida ya ƙyalla ido ya ce in ba ita ba sai rijiya, ta dawo da akwatuna ta gina wa uwarta gida a Malali. Ɗalibata 'yar aji uku da ke karanta wannan a wayar yayarta, me kuke jin za ta riƙe, marin ko gidan?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ka yi mana kuɗin goro. Ni na rubuta irin wannan labarin, kuma tauraruwata ko gawarta ba ta dawo gida ba, can aka binne ta. Ka san abin da ya biyo baya? Masu karatu suka yi mini ca, wasu har suka ce in mayar musu da kuɗinsu, wai na ɓata musu rai. Mace ce take zaune da goyo tana buga labari da babban yatsa, tana sayarwa 'yan ɗaruruwan naira a WhatsApp. Wanda ya biya yana son a ƙare da biki. In akwai laifi, a raba shi da masu saye.

Malam Habibu: Hajiya, ai kin ƙarfafa maganata. Kin ce kasuwa ce ke zaɓar ƙarshen labari.

Maman Ilham: Cewa na yi akwai masu bijire wa kasuwar, ba ka ƙirga su ba.

Baba Ɗanladi, Kakuri: Yarana, ku bar ni in sa baki. Bahaushe bai jira littafi ba kafin ya ɗauki sandarsa. Kakanninmu a ƙasa suke tafiya Makka ta Chadi da Sudan, a yi shekaru ana noma a hanya ana tara guzuri, wasu ba su isa ba, wasu ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke Sudan mutanenmu ne suka kafa shi, waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Zangon Kumasi fa? Da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana a 1969, ina yaro na ga waɗanda suka dawo da tabarma da buta kawai. Mu kanmu nan Kaduna yawancinmu zuwa muka yi. Ni masaƙa ce ta kawo ni. Da masaƙar KTL ta rufe a 2002, ta UNTL ta bi ta a 2007, na ga magidanta masu 'ya'ya takwas suna zaune a ƙofar gida da hantsi. 'Ya'yan waɗannan gidajen ne suka fara neman fasfo. Ba wanda ya karanta musu komai, tukunya ce ba a ɗora ba.

Sadiya: Baba ya yi gaskiya, amma ni inda nake ganin gazawar daban ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar Nijar kusa da iyakar Aljeriya, motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara, da dama daga yankin Kance na jihar Damagaram. Hausawa ne 'yan uwanmu. Cikin tarin littattafan da nake karantawa ban ci karo da labarin irin waɗannan matan ba. Haka ɗan ci-rani da ke yankan farce a Agege, ko ɗan acaɓar da aka hana shi manyan titunan Legas a 2020 ya dawo Arewa da babur a bayan tirela. Marubuta sun fi son Jidda saboda akwai abin siffantawa: turare, gwal, falo mai sanyi. Alhali tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta uwar Shaihu Umar, wadda ta ratsa hamada neman ɗanta, ta faɗa bauta, ta rasu jim kaɗan bayan ta gan shi. Bai ba ta gida ba, bai ba ta miji ba, kuma har yau ana karanta littafin a makarantu.

Hajiya Talatu, Rigasa: Tun ɗazu nake karantawa ina shiru. Ni na je, ba labari aka ba ni ba. Aikin shagala na yi, wato 'yar aikin gida.

Marin da kuke ta magana a kai yana faruwa, amma ba shi ne ya fi ci mini rai ba. Ranar da na sauka aka karɓe fasfona, albashin watannin farko duk na ejan ne. Da azumi sai an gama sahur na wanke kwanuka nake kwanciya, kafin azahar an tashe ni. Ɗakina a saman bene yake kusa da tankin ruwa, in zafi ya yi sai in jiƙa zane in lulluɓa. Duk wannan na ɗauka, don na san abin da ya kai ni. Abin da ban shirya masa ba shi ne waya. Ka samu minti biyar ka kira gida, kafin a ce ya jikinki an ce an turo? Wata-wata ina turawa a saya mini fili, yayana uwa ɗaya uba ɗaya yana cewa an kusa, har hoton bulo ya turo mini. Da na gudu daga gidan na zauna ba igama, wato takardar izinin zama, askarawa suka kama ni, na bi ta tarhil, inda ake tsare waɗanda za a koro gida, aka sako mu a jirgi da leda ɗaya a hannu. Na zo ba fili ba bulo. Da na yi magana, tsohuwarmu ta ce in yi haƙuri kar in raba zumunci.

To ni abin da nake tuhumar marubuta da shi ke nan. Kullum muguwar ita ce Balarabiya uwar gida. Na gida kuwa bayin Allah ne masu kuka da addu'a. Ana ta yabon yarinya ta sadaukar da kanta, ba a taɓa tambayar wa ya zauna ya ci ba.

Auwal, Kawo: Anti, Allah ya saka miki, abin da aka yi miki zalunci ne. Amma kar a ce duk na gida haka suke. Yayata tana can yanzu haka. Da kuɗinta na gama difloma, kuma wallahi duk ranar da alat ya shigo sai na ji kamar in nutse don kunya, ƙato da ni mace na wanke bayin wasu saboda ni. Na roƙe ta ta dawo ta ƙi, ta ce sai autarmu ta yi aure. Mu ma ba a rubuta mu.

Hajiya Talatu: Ƙanena, ban ce duka ba. Kai ka ji kunya, Allah ya yi maka albarka. Amma ka lura, yau difloma, gobe auren auta, jibi rufin ɗaki. Ita ba za ta ce ya isa ba, don an riga an saba mata da cewa darajarta ke nan. Ku ne za ku ce mata ya isa, ku kuma nuna mata da gaske kuke.

Malam Habibu: Hajiya Talatu ta kai maganar inda ban kai ba, amma ina nan kan bakana. Labarin da ke ɗaukaka mai sadaukarwa ya wanke masu ci, shi ma kwaɗaitarwa ne, don yana gaya wa yarinya cewa 'yar kirki ita ce mai tafiya. Kuma hanya a buɗe take: dokar Nijar ta 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta Agadas, sojoji sun soke ta a Nuwamban 2023.

Maman Ilham: Ban yarda marubuci ya zama ma'aikacin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ba, Malam. In na zauna rubutu don in hana tafiya, wa'azi zan yi, ba wanda zai kai babi na uku. Abin da na karɓa shi ne na Hajiya, cewa muna tsoron taɓa na gida, saboda masu karatunmu su ne na gidan. Hajiya, in kin amince zan kira ki mu zauna, ba zan sa sunanki ba.

Hajiya Talatu: Ki zo, daga tashar jirgin ƙasa ba nisa. Sharaɗina biyu. Kar ki mai da yayan nawa ɗan giya ko ɗan caca, mutum ne mai sahun gaba a masallaci, kowa na gaishe shi, haka za ki rubuta shi. Na biyu, kar ki aurar da ni ga kowa a ƙarshe. Ɗinki nake yi yanzu, da keken haya.

Maman Ilham: Na karɓa. Asabar bayan la'asar in Allah ya kai mu.

Malam Habibu: In ya fito zan saya wa ɗalibaina. Sauran da ke kasuwa yanzu kuwa, ra'ayina a kansu bai canja ba.