Katin Hasumiya: in bi jadawalin launi ko in bi idona?

Mai_Buroshi:
Jama'a barkanmu. Ni dai ba duba nake yi ba, zane ne ya kai ni ga katunan tarot, wato katunan nan masu hotuna da ake duba da su. Na ɗauri aniyar zana manyan katunan nan 22 da fentin ruwa, bisa jadawalin launukan Golden Dawn, ƙungiyar asiri da aka kafa a Landan a 1888. Da na iso na 16, Hasumiya, mai hoton dogon gini da walƙiya ta faɗa wa, sai abin ya cije. A wurinsu katin na tauraron Mars ne, launinsa ja wur. Na zuba ja a sama, ja a gini, ja a wuta. Da takardar ta bushe sai ka ce jini aka kifar, walƙiyar ma ta ɓace ɓat. Na sake shi da sama ruwan toka, ya yi kyau, amma zuciyata na ce min na yi ha'inci. Me kuka gani?

Alƙalami:
Ɗan'uwa, su ba don ado suka tsara launin ba. A tsafinsu launi kayan aiki ne, ana ƙura masa ido. In tsarinsu ka ce za ka bi, bi shi. In ba haka ba, cire sunansu kawai.

Yar_Tawada:
Malam Alƙalami, a yi haƙuri. Mai zane Pamela Colman Smith da marubuci A. E. Waite, da suka fitar da nasu katunan tarot, duk 'yan ƙungiyar ne, amma duba Hasumiyarsu ta 1909: sama baƙi ƙirin, harsunan wuta rawaya. Katunan tarot na Marseille ta Faransa kuwa, da suka girme su nesa ba kusa ba, launukan da mai ɗab'i ke iya shafawa ta kan takarda mai huji su aka samu, 'yan kaɗan. Daga baya ne aka zo ana ɗora musu ma'ana.

Kai kuma Mai_Buroshi, ina zargin layi ɗaya ka karanta. Ma'aunan launi a jadawalin huɗu ne, kuma na huɗun a Mars ja ne mai ratsin shuɗi ko kore. Ga walƙiyarka nan. Ja da kore in sun haɗa iyaka har rawa suke yi a ido, da gangan suka so haka.

Mai_Buroshi:
Yaya, kin kama ni, layin farko kawai na duba. Na gwada koren jiya da dare, walƙiyar ta fito, har ta fi ƙarfin ginin. Zan rage mata kauri. Amma na ruwan tokar nan ban yaga shi ba, yana manne a bango.