Punk da Hausa: kiɗan 'yan iska ko kiɗan kangararru?

Jama'a, wane suna za mu ba kiɗan punk, wato reshen kiɗan rock na samari masu bijire wa al'ada, da Hausa? Aro kai tsaye ba zai yi ba. Bakin Bahaushe zai mai da shi "fank", alhali akwai wani kiɗan daban mai wannan suna, na su James Brown. A Washington ma, birnin da zan yi misali da shi, kiɗan go-go na Chuck Brown reshen fank ɗin ne. Sai a cakuɗa su.

Wani ɗan'uwa ya kawo "kiɗan 'yan iska". Na ga hujjarsa, don asalin kalmar zagi ce, ana jifan yaron banza da ita. To amma a dubi samarin Washington. A 1980 Ian MacKaye da Jeff Nelson suka kafa kamfanin faifai na Dischord Records don su fitar da faifan ƙungiyarsu, Teen Idles. Da hannunsu suke yanka kwalin faifai, su naɗe, su manna da gam. A 1981 sabuwar ƙungiyarsu, Minor Threat, ta saki waƙar "Straight Edge", daga nan wata tafiya ta samo suna: ba giya, ba taba, ba ƙwaya. Alamar X da gidajen rawa ke zana wa yara a bayan hannu don kar a sayar musu da barasa, ita suka ɗauka ta zama tambarinsu. Ɗan iskan da ba ya sha, ba ya busa, wane iri ne? Hujjar nan ta kayar da "'yan daba" ma.

"Kiɗan bore" ya fi kusa, sai dai ya yi faɗi. Abin da Fela ya yi a Legas ai bore ne. "Tawaye" kuwa warin bindiga yake.

Ni na tsaya kan "kiɗan kangararru". Kangararre suna ne da manya ke laƙaba wa yaron da ya gagare su, yaron kuma ya amsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ya dace da Bad Brains, samari baƙar fata da suka fara da jazz kafin su koma punk, waɗanda gidajen wasan birnin suka rufe wa ƙofa har suka tattara suka nufi New York. Ya dace da Fugazi, ƙungiyar da MacKaye ya kafa daga baya, da suka ƙi manyan kamfanonin faifai, suka kafe kan dala 5 kuɗin shiga wasa, yaro da babba kowa ya shigo.

Na san wasu za su tuna gidan kangararru su ji wani iri. Bai dame ni ba, 'yan punk ɗin ma can da zagin suka fara.

Inda na maƙale shi ne hardcore, salon da aka san Washington da shi: gudu, ƙarar jita, ihu, waƙar da wani lokaci ba ta cika minti ɗaya ba. "Na kangararru mai zafi" ya yi tsawo a baki. Malamai, wa ke da gajera?