Neman shawara: garin zink oksaid ɗin da na haɗa da zogale ya ƙi yin fari

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ni ɗalibin digiri na biyu ne a fannin kemistiri a nan Jos. Ina haɗa ƙananan ƙwayoyin zink oksaid da ruwan ganyen zogale, domin in gwada ko za su kashe launin rini a gurɓataccen ruwa idan rana ta buge su. Na shanya ganyen a inuwa, na daka, na dafa a zafin digiri 70, na tace, na zuba a kan zink naitiret, sannan na busar da abin da ya kwanta a digiri 80. Garin ya fito ruwan ƙasa maimakon fari, kuma bayan awa uku a rana launin metilin bulu, wato rinin da nake gwadawa, bai ragu sosai ba. Tanderun ɗakin gwajinmu ya lalace tun watan jiya, shi ya sa ban ƙona garin ba. Shin in koma ganyen darbejiya, ko akwai inda na kuskure?

Wata malama daga Abuja: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ɗora wa zogale laifi, domin matakin da ka tsallake shi ne ginshiƙin aikin. Abin da ke hannunka yanzu zink ne da sinadaran ganye suka lulluɓe, kuma su ne suka ba shi wannan launi, suka toshe fuskar da ya kamata haske da rini su taɓa. Sai ka ƙona shi a tanderu tsakanin digiri 400 da 500 na kimanin awa biyu kafin ragowar ganyen ta ƙone, zink oksaid ya tsaya da siffarsa. Idan ka buɗe tanderun ka ga garin ya yi rawaya, kada hankalinka ya tashi. Haka ɗabi'arsa take da zafi, yana hucewa zai koma fari a gaban idonka. Amma kada ka zarce da wuta sosai, saboda ƙwayoyin za su manne da juna su girma, ƙarfin aikinsu ya ragu. Ban kuma ji ka ambaci pH ba, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwan haɗin. Ka riƙa ɗiga ruwan sodiyam haidroksaid a hankali kana motsawa har pH ɗin ya kai wajen 10, sannan ka wanke abin da ya kwanta da tataccen ruwa sau da yawa.

Wani tsohon ɗalibi: Na goyi bayan Malama, sai dai ni gwajin ranar ne ya fi damuna. Zink oksaid yana da tazarar makamashi ta kusan 3.3 eV (ma'aunin ƙarfin hasken da yake buƙata kafin ya yi aiki), wato hasken UV da ido ba ya gani yake sha, wanda kaso ne ƙalilan na hasken rana, ga shi kuma hazon hunturu ya rufe Jos. Ka yi gwajin da tsakar rana, kuma ka jera kwalaben da za ka kwatanta a lokaci ɗaya. Ka fara ajiye garin da rinin a duhu na minti 30, domin ka raba abin da garin ya tsotse da abin da haske ya rusa. Lallai ka ajiye kwalba ɗaya ta rini zalla a rana, saboda metilin bulu yana ɗan koɗewa da kansa. Na taɓa mantawa da wannan, aka mayar da ni baya wata guda. Ka cire garin tsaf kafin ka auna launin rinin da haske mai tsawon zango na nanomita 664.

Wani ma'aikacin ɗakin gwaji: Malam, kada ka kashe kuɗinka a gwajin XRD, wato duba siffar ƙwayoyin garin da hasken X-ray, sai bayan ƙonawa. Idan aikin ya yi, za ka ga manyan kololuwa uku a zanen sakamakon, wajen kusurwoyi masu digiri 31.8 da 34.4 da 36.3. Game da tanderu, ka nemi malamin da ke duba aikinka ya rubuta maka takarda zuwa sashen injiniya ko na ilimin duwatsu. Ganyen kuma ka ɗebo shi daga bishiya ɗaya.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Ban auna pH ba ko sau ɗaya, ban kuma ajiye kwalbar rini zalla ba. An ba ni izinin amfani da tanderun wani sashe ranar Alhamis. Malama, in ƙona tsohon garin, ko in sake haɗawa daga farko?

Malamar Abuja: Ka yi duka biyun, ka sa su a mazubi daban-daban, ka rubuta alama a kan kowanne kafin su shiga wuta.