Gizo-gizo na sace mana alawa a Cut the Rope

Salamu alaikum jama'a. Bayan isha'i nakan buga wasan Cut the Rope a waya da 'yata mai shekara 5. Ita ke yanke igiya da ɗan yatsanta, ni ina fasa kumfa, har alawa ta faɗa bakin Om Nom, koren dodon nan. Kwana uku ke nan mun maƙale inda gizo-gizo ke bin igiya. In ta yi gaggawa, alawar ta faɗa kan ƙaya. In ta jira, gizo ya riga mu. Om Nom na ɓata fuska sai 'yata ta fara kuka: "Baba, yunwa yake ji!" Don Allah wace dabara kuke yi wa gizon nan? Kuma taurari nawa za mu tara kafin akwatin gaba, wato rukunin matakai na gaba, ya buɗe?